Aikin da Inna ta ƙi yarda an yi

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Gwari, jini ya matsa mini har na taɓa faɗuwa a gaban aji. Hoto ya nuna ƙari ne a mahaifa. An sha magani, an yi ƙarin jini, a ƙarshe aka ce sai an cire ta, aka tura ni Kaduna.

Mahaifiyata, Inna, ta taso daga Kuyello ta raka ni. Muka bi ayarin motoci ta hanyar dajin nan, kowa bakinsa da addu'a. Ita kuwa ta ɗauro kaya kamar mai ƙaura, domin a saninta wadda aka tsaga wa ciki sai ta yi watanni a kwance.

Likitar, wata mace mai fara'a, ta ce ba tsagawa za su yi ba. Ƙananan ƙofofi za su huda, su hura iska cikin ya ɗaga, su zura kyamara da dogayen ƙarafa, suna aiki suna kallon allo. Ni da ya kamata tsoro ya kama, sai tambaya ta kama ni.

"Likita, to ta ina za ta fito?"

"Ta inda 'ya'yanki suka fito, Malama."

"In kuma abin ya ƙi fa?"

"Sai mu buɗe cikin. Yana faruwa, shi ya sa nake gaya miki tun yanzu."

Ban daina tambaya ba, har a ɗakin tiyata. An ce maganin barci ya ɗauke ni ina tsakiyar tambayar wa ke riƙe kyamarar.

Da na farfaɗo, ba cikina ne ya fi damuna ba, kafaɗata ce. Inna ta ɗaga zane ta ga 'yan filasta, ta dube ni ina riƙe da kafaɗa, sai ta tare likita a bakin ƙofa.

"'Yar nan, ki ji tsoron Allah. Ciki muka kawo, ba kafaɗa ba. Anya kun yi aikin nan?"

Likita ta yi dariya, ta ce ragowar iskar ce ke jawo ciwon, zai wuce in na tashi ina takawa. Inna ba ta gamsu ba, sai da aka nuna mana hoton abin da aka ciro.

Nan ni ma na ƙura wa hoton ido. Wani abu ne mai ƙulu-ƙulu, ko kyan gani babu. Amma a ciki 'ya'yana huɗu suka fara zama, kuma ban taɓa ganinsa ba sai ranar da muka rabu. Na yi hawaye kaɗan, Inna ta yi kamar ba ta gani ba.

Ba a jima ba aka sallame mu, da gargaɗin kada in ɗauki abu mai nauyi sai cikin ya warke, domin ƙanƙantar ƙofa ba ta nufin ƙanƙantar aiki. Kafin a gama girbin masara na koma aji.

Har yau in na tuna, mamakin ƙarafan ya ragu. Abin da ya zauna mini shi ne yadda likitar ba ta gaji da amsa mini ba. Shi ya sa in mace ta zo tana raɗa mini cewa an ce a cire mata mahaifa, ba na ce mata kada ta ji tsoro. Cewa nake, "Zauna. Me kike son sani?"