Inda Ruwan Nima Yake Zuwa

Ina cikin shago a Abossey Okai, ina ɗauke kayan mota daga ƙasa kada ruwa ya taɓa su, maƙwabciyarmu ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ka zo gida. Yayarka ta faɗa gota."

A unguwarmu Nima, in ruwa ya sauko da ƙarfi, mutane fitowa suke da shara su juye a babbar gota, wato magudanar ruwan unguwa, ruwa ya tafi da ita. Haka muka taso muka gani. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Yaya ta fita da kwando a kai bayan la'asar, ta tsaya inda ta saba tsayawa, bakin gotar ya zabtare da ita.

Washegari ruwa ya janye, muka fita nema, ni da maza huɗu na layinmu. Ban san ta ina za mu fara ba. Wani ya kai mu wurin wani tsoho mai ɗibar yashi a gota, ya ce babu wanda ya fi shi sanin ruwan nan.

Tsohon ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, shekara nawa kana zuba shara a ruwan nan, ba ka taɓa tambaya ina yake kai ta ba?"

Na ce, "Ban taɓa ba, Baba."

Ya tsuguna ya zana mana da tsinke a ƙasa. Ya ce ruwan da ya sauka bayan tudun can, ta gabas, hanyarsa daban, kada mu ɓata ƙafa a can. Wanda ya sauka ta wajenmu, daga Kawukudi ne ko Maamobi, ƙananan gotoci ke tara shi su zuba a babba. Babbar ta gangara ta shiga kogin Odaw, Odaw ya shiga tafkin Korle, tafkin ya zuba a teku. Ya ce mu fi dubawa a duk inda gotoci biyu suka haɗu, da ƙarƙashin gada, nan ruwa yake ajiye abin da ya ɗauko.

Kwana huɗu muna bin zanen nan da dogayen sanduna. Ta wajen Kokomlemle muka yini ƙarƙashin gada ɗaya, muna juya leda da robobi da tsummokara. Duk tsumman da ya fito mai launi, sai an kira ni in duba, don ni kaɗai na san zannuwanta. Muka kai bakin teku. Masunta suka ce wani lokaci teku yakan mayar da mutum, wani lokaci ba ya mayarwa. Na bar musu lambar wayata.

Liman ya zo gida ya zauna da Inna. Ya ce mata shari'a ta yarda a yi wa mutum sallar jana'iza ko babu gawa.

Inna ta ce, "Malam, na ji. Amma ni zan wanke 'yata da hannuna. A jira."

Liman ya dube ni, na sunkuyar da kai. Damina biyu ke nan, masunta ba su kira ba, kuma har yau ba a yi wa Yaya salla ba.