Faifan da Abdulnasir Ya Ce Ƙirƙirarre Ne

Duk Bahaushen da ya taɓa neman ɗakin haya a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira ya san Abdulnasir, kuma wanda ya san shi ba ya tambayarsa ra'ayi kan kiɗa sai ya ci ya ƙoshi, domin amsar ba ta ƙarewa da wuri. Mutumin Zariya ne. Tallafin karatu ya kawo shi Alƙahira don ya karanta ilimin Hadisi. Ya cinye shekarun da aka ɗibar masa, ya ƙara da waɗanda ba a ɗibar masa ba, digiri dai bai zo hannu ba. Sai ya koma samar wa sababbin ɗalibai masauki da raka marasa lafiya asibiti. Karatun kuwa bai zube ba, wurin aiki kawai ya sauya.

Wata tsohuwa Bamasariya, Hajja Samar, ita ta ba shi ɗakin saman benenta. Ɗakin ɗanta Mazin ne, wanda haɗarin mota ya ɗauke yana saurayi. Sharaɗinta ɗaya: akwai garmaho da akwatunan faifan Mazin a ciki, ya saurara in yana so, amma kada ko guda ya fita daga gidan. Abdulnasir ya dafa ƙirji ya ce wannan amana ce, har ya jawo mata nassi da Larabcin da ya fi nata nahawu. Ita dai ta ce, "Tamam, ya ibni," wato to shi ke nan, ɗana, ta sauka tana dafa bango.

Da farko faifai ɗaya ya ɗora, wai don ya san sharrin abin ya guje masa. Kafin wata ya zagayo ya san sharrin akwati guda, kuma bai guje wa komai ba. Kiɗan Turawa ne na da, wanda ake kira rok, mai jita da ganga da ihu, sai wani ƙaninsa da ya biyo baya, niyu-wef, mai fiyanon lantarki. Abdulnasir bai iya jin abu ya bar shi haka ba, sai ya yanke masa hukunci, kuma ma'auni ɗaya ya sani a duniya, na malaman Hadisi. Faifan da mutum huɗu suka shiga ɗaki suka buga da hannuwansu, gumi na zuba, wannan sahihi ne, sauti ya taso daga hannu zuwa kunne ba yankewa. In mai ganga ya yi fushi ya tafi aka kawo wani, faifan ya sauko zuwa hasan, mai bi wa sahihi a daraja. In mawaƙi ya fara sa riga mai ƙyalli, to an soki adalcinsa, a dakata da karɓar ruwayarsa har sai ya tuba.

A shagon shayin da ke bakin layi yake baje kolin waɗannan hukunce-hukuncen. Ukasha, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi mai aika abayoyi gida, shi ne ya fi shan wannan karatu, don kunya ba ta barinsa ya tashi.

"Malam, ni fa wanda ka sa mini jiya, mai tif-tif ɗin nan, ya yi mini daɗi," in ji Ukasha wata rana.

Abdulnasir ya ajiye kofi. "Daɗi? Akhi, wa ya buga gangar? Faɗa mini sunansa da na ubansa."

"Ina zan sani?"

"Inji ne! Inji ya buga. Maruwaicin da ba shi da uwa ba shi da uba, ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya jin tsoron Allah. Niyu-wef gaba ɗayansa ƙirƙirarre ne, maudu'i. Khalas."

Ukasha ya ce ma'alish, a yi haƙuri, ya ƙara sukari.

Matsala ta zo ne daga ƙanƙantar ɗaki. Abdulnasir ya fara sayo nasa faifan rok a kasuwar gwanjo, wuri ya cika, har sallah sai ya ture akwati. Sai ya zauna ya yi wa kansa fatawa, kuma mai yi wa kansa fatawa ba ya rasa sauƙi. Amanar da aka ba shi ta kiɗa ce, ƙirƙirarre kuwa ba kiɗa ba ne, saboda haka ba ya cikin amana. Ran nan da Hajja ta tafi Giza wurin 'yarta, ya ji mai sayen tsofaffin kaya yana kiran rubabikiya a ƙasa da amalankensa. Ya sauke masa akwatin niyu-wef sukutum, ya ƙi karɓar ko fam ɗaya, wai ba zai ci kuɗin ƙarya ba. Ya hau sama yana jin kansa sakayau.

Shekaru suka wuce. Hajja ta kwanta ciwo, 'yarta Duaa ta dawo gidan jinya. Wata la'asar Duaa ta hau ta ƙwanƙwasa.

"Ustaz, Mama na kiranka."

Ya same ta ta rame, an jingina ta da filo. Ta ce akwai wata waƙa da Mazin yake sawa da safe yana guge riga, ita take so ta ji. Ba ta san suna ba, sai ta ɗan rera masa da muryar da ta kusa ƙarewa, tana buga yatsa a kan bargo. Tif, tif-tif, tif. Niyu-wef ne, na cikin akwatin da ya bayar. Ya gane faifan, mai hoton laima a cikin bahon wanka, wanda ya taɓa cewa a shagon shayi ko akuya ba za ta karɓi ruwayarsa ba.

Ya ce garmahon ya yi nauyin saukowa, bari ya nemo a waya. Ya nemo, ya kunna mata. Ta saurara kaɗan, ta girgiza kai.

"Ba ita ba ce, ya ibni. Ta Mazin tana sarƙewa a tsakiya, ta yi ta maimaita wuri ɗaya, sai ya buga ƙafa a ƙasa, ina kicin in ji silin ya girgiza, sannan ta wuce. Wannan ai santsi take yi. Tasa nake so."

Washegari ya bi layukan Abbasiya har Ainu Shams yana tare duk mai amalanke. Da ƙyar ya samu mutuminsa, wanda ya tuna shi sarai, domin ba kullum ake samun mai ba da kaya kyauta yana wa'azi ba. Ya ce faya-fayan tuni wani mai yin agogon bango ya kwashe, yana huda su yana sa musu hannuwa, masu shagunan kofi na saye. Abdulnasir ya tsaya a rana, kunya da baƙin ciki suka taru a kansa.

A jirgin ƙasa na metro yana dawowa ya lura da wani abin da bai so ba. Ya san wurin sarƙewar. Ya san kalmar da allura take maƙalewa a kai, da yadda take komawa baya. Ai malami ba ya cewa ƙirƙirarre sai ya bibiyi abu da kyau, shi kuwa ya bibiyi wannan faifan fiye da duk sahihan da yake yabo, sau da yawa da ƙofa a rufe.

Da safe ya haɗa waya da lasifikar garmaho, ya buɗe taga don Hajja ta ji daga ƙasa, ya kunna waƙar a wayar. Da aka zo wurin, ya sa yatsa ya mayar da waƙar baya, ya sake mayarwa, ya sake, daidai yadda kunnensa ya riƙe. Sannan ya ɗaga ƙafa ya buga ƙasa da ƙarfi, ya bar ta ta wuce. Mutumin da ya yi shekaru yana tona asirin masu ƙirƙira, ga shi tsaye ba takalmi yana ƙirƙira wa mara lafiya, gumi na zubo masa.

Waƙar ta ƙare. Ya ji takun Duaa a kan bene. Ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta jajur.

"Ita ce, Ustaz. Mama ta yi kuka, ta yi dariya, har ta sha kunu. Ta ce Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mata kayan ɗanta." Ta share ido da bakin mayafi. "Ta ce in ka huta ka sauko mata da faifan. Mazin ya rubuta sunansa a bayan kwalin, tana so ta riƙe shi a hannunta."

Abdulnasir ya dubi wurin da akwatin niyu-wef yake a da. Duk nassin da ya haddace babu wanda ya zo masa. Duaa ta ce za ta bar ƙofar ƙasa a buɗe, ta juya ta sauka.