Duwatsun Dakta a Ƙarƙashin Kwalta

Abubuwa da yawa sun goge a kaina daga shekarun da aka kwaso ma'aikata daga Legas zuwa Abuja, amma abin da ya sami duwatsun Dakta ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah, domin da hannuna a ciki.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani sashen gwamnati mai binciken ƙasa da ma'adinai. Aikina shi ne yanka dutse, niƙa shi, da adana shi. Shugabana, wanda kowa ke kira Dakta, dattijo ne mutumin Zariya, marar yawan magana. Ya yi kusan shekara ashirin yana hawa tsaunuka yana tattaro wani irin dutsen tama mai ratsi-ratsi, ja da baƙi, kamar saƙi.

Wata rana ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ya ce, "Malam, wannan jan da me ya yi maka kama?"

Na ce, "Da tsatsa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Tsatsa ce kuwa, sai dai ta girmi duk wani abu mai numfashi da ka sani."

Ya bayyana mini cewa a can farkon duniya babu iskar oksijin ɗin da muke shaƙa yanzu, kuma ƙarfe a narke yake cikin ruwan teku kamar gishiri a miya. Da ƙananan halittun ruwa suka fara fitar da oksijin, sai ta kama ƙarfen, ya yi tsatsa, ya riƙa kwanciya a ƙasan teku, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Masana a wasu ƙasashe sun karanta wannan labari a duwatsunsu da suka haura shekara biliyan biyu. Shi burinsa ya gano ko namu na wancan zamanin ne, ko kuwa daga baya suka samu. Don haka dole a san kowane dutse daga wane tsauni ya fito, kuma daga shimfiɗar sama ko ta ƙasa. Duk wannan yana rubuce a littattafansa, kowane dutse da lambarsa.

Da takardar tashi ta zo, sai ya kira ni ya ce kafin a ɗaure kaya in shafa wa kowane dutse farin fenti, in rubuta lambarsa a jikinsa, domin ambulan ɗin takarda da suke ciki, waɗanda aka rubuta lambobin a kansu, ba abin dogaro ba ne a hanya. Na fara da zuciya ɗaya, na gama kwali uku. Amma ɗaruruwa ne, ga matata da tsohon ciki, ga haɗa kayan gida, ga zirga-zirgar neman sunana a jerin waɗanda za a ba gida. Sai na cusa sauran a kwalaye yadda suke, na ce a raina idan mun isa na ƙarasa, ba wanda zai sani.

Ranar da za a loda mota ya tambaye ni. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Bai buɗe ko kwali ɗaya ba. Har yau wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Mun iso Garki cikin damina. Ginin da aka ba mu ba a ƙarasa shi ba, mutum shida ke raba ofis ɗaya, hanyar shiga kuma jan taɓo ne zalla. Babu wurin kwalaye sai wata rumfar kwano kusa da get. Dakta ya wuce Zariya ganin likita saboda hawan jini, ya bar mini amanar su. Na sayi fentin ma, yana cikin jakata. Sai aka ce an fara raba makullan gidaje, ni kuwa iyalina suna raɓe a ɗakin wani abokina, na tafi na bi layi kwana huɗu. A rana ta huɗu da la'asar aka yi ruwa da iska irin wanda ban taɓa gani ba.

Da na dawo da safe, rumfar ba rufi. Maigadinmu, wani mutumin Filato mai kirki, ya tare ni yana share zufa.

Ya ce, "Oga, iska ya ɗauke kwano. Kwali duka ya jiƙe, ya fashe. Motan siminti ya zo ya kafe a get, shi ne lebura suka kwashe dutse suka zuba a taya. Na ce masu kayan ofis ne, suka ce ai dutse ne."

Na tsaya ina kallon bakin get. Ga su nan a cikin taɓo, ja da baƙi, manyan motoci sun bi ta kansu. Ambulan ɗin sun zama kamar kunu, tawadar ta wanke tas.

Washegari Dakta ya dawo. Bai tambayi kowa komai ba, ya naɗe hannun farar rigarsa ya durƙusa a cikin taɓon. Ya ce mini, "Kada ka damu, Malam, ruwa ba ya wanke wannan fentin." Ya ɗauki dutse ya goge shi da babban yatsa, ya juya shi, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Ina tsaye a kansa ina kallo. A wajen na goma ya daina juyawa, ya ɗago kai ya dube ni.

Na durƙusa na gaya masa gaskiya duka. Ya ajiye dutsen da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Da ka faɗa mini a Legas, da mun zauna ni da kai mun gama a kwana uku." Ya dafa kafaɗar maigadi ya miƙe, ya tafi neman ruwan wanke hannu.

Bai rubuta mini takardar tuhuma ba, bai kai ni gaba ba, bai kuma sake ɗaga maganar ba. Kwali ukun da na yi wa lamba duk daga tsauni ɗaya suke, ba za su amsa tambayarsa ba. Na roƙe shi mu koma daji, ni zan hau, shi ya tsaya a ƙasa yana nuna mini. Ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki, kuma wasu wuraren ma masu fasa dutse sun riga sun cinye su. Kafin damina ta fita aka zuba kwalta a bakin get ɗin. Shekarar da ta biyo ya yi ritaya, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa.

Da na je ta'aziyya, matarsa ta fito mini da littattafansa a cikin buhu, ta ce, "Ya ce a ba ka, kai ka san aikin." Na buɗe ɗaya a mota. Shafi bayan shafi na lambobi ne da zanen tsaunuka, da kyakkyawan rubutunsa, kuma babu dutsen da zan haɗa su da shi.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa iska ce da leburori. Ba su ba ne. Gazawata ma ba ita ta kashe aikin ba, domin tana da gyara. Ɓoye ta ne ya hana a gyara. Tun daga ranar, idan aka ba ni aiki ban gama ba, nakan ce ban gama ba, ko da za a ci mutuncina a gaban jama'a, domin mutumin da ya yarda da kai ba zai duba bayanka ba, kuma shi zai ɗauki asarar.