Gyaɗar da Kakana Yake Bari a Ƙasa

A watan nan aka cika shekara shida da rasuwar kakana, Malam Ɗanjuma na Rigachikun, mutumin da ya bar ni da zawarci tun ina 'yar shekara goma. Uwargida yake kirana, ni kuma ina ce masa Tsoho Mai Rowa, domin duk tsawon auren namu ban taɓa samun komai a hannunsa ba sai gyaɗa. Na ce bari in rubuta wani abu a kansa tun ban manta muryarsa ba, don na lura ta fara yi mini nisa. Fuskarsa ce dai ta ƙi tafiya.

Daga ƙasar Katsina ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi masinja a ofishin gwamnati har ƙafafunsa suka gaji. Da ya bar aiki sai ya ce birni ya ishe shi, ya koma bayan Rigachikun ya sari daji. Ɗakin ciyawa biyu, rumbu, rijiya, tsamiya guda, sai wasu awaki marasa tarbiyya da suka taɓa cinye mini littafin lissafi har bangonsa, alherin da har yau ban manta musu ba. Mu muna Unguwar Dosa, Baba yana aikin akawu. Ranar Asabar mukan je mu cika ciki, mu dawo da ƙasa a kai.

Wanda ya san wurin a da, in ya je yau sai ya zaci ya ɓata hanya. Shekara uku ke nan da Baba ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi gonar gaba ɗaya. Ran da ya faɗa wa Mama, ta yi kukan da ya kusa kawo ambaliya a unguwarmu. Yanzu akwai shingen waya da ƙofar ƙarfe, akwai tarakta, akwai sito mai rufin kwano, ga ɗakin fararen kaji masu kallon mutum kamar sun san laifinsa. 'Yan ƙwadago suna zuwa daga Zamfara da Katsina, mota tana kai buhuna Babbar Kasuwa. Ba zan yi butulci ba. Da gonar nan muke karatu, da ita gidaje da yawa suke ɗora tukunya. In da Tsoho zai leƙo, na san sai ya zagaya taraktar ya tambayi abin da take ci, sannan ya yi alfahari da ɗansa a ɓoye.

Abu ɗaya ne ban san yadda zai kalle shi ba.

Kakana ya iya noma, amma kowa ya yarda bai iya cirar gyaɗa ba. Manomi yakan cire gyaɗarsa tun ƙasa tana da sauran laima, don 'ya'yan su fito duka. Shi sai ya zauna har ƙasa ta fara tauri, sannan ya kama ganyen ya fizga kamar mai faɗa da shi. Rabi ya biyo hannunsa, saura ya tsinke a ƙasa. Ni da bakina na gaya masa cewa akuya ma za ta fi shi.

Baba yakan ce, "Malam, ka bari in kawo yara su sake bi da fartanya. Asarar nan ta yi yawa."

Shi kuma ya dafa ƙugu ya ce, "Bar shi kawai. Bayana ke ciwo."

Ban taɓa gane yadda ciwon bayansa zai hana yaran wasu tono ba, amma haka zancen yake ƙarewa kowace shekara.

Da an kwashe harawa sai matan roro su iso da 'yan fartanyoyinsu da ƙorai, su bi kunya-kunya suna tono abin da ya rage. Haka al'adar take: abin da mai gona ya bari a ƙasa na mai roro ne, ba roƙo, ba godiya. Babbarsu ita ce Inna Tabawa, wata tsohuwa siririya mai faɗa, wadda ɗanta direba ya rasu ya bar mata jikoki uku. Da gyaɗar roro take yin ƙuliƙuli da mai, da su take riƙe yaran har damina ta zagayo. In suna aiki Kaka ba ya kallonsu. Yakan zauna a gindin tsamiya ya ba su baya, yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Bayan rasuwarsa gonar ta yi 'yan shekaru a hannun wani ƙanensa, matan suna zuwa suna samun ɗan abin da ya samu. Da Baba ya karɓa sai aiki ya koma na ƙa'ida. Ana cirewa a kan lokaci, 'yan ƙwadago su bi da fartanya, su sake bi. Ko ɓera ya shiga gonar nan dare ɗaya sai ya fito yana neman sadaka.

Bara ina wurin lokacin hutu, matan suka zo suka tsaya a bakin ƙofar ƙarfe. Baba ba mugu ba ne, nan take ya ce a buɗe musu. Suka yi ta tono tun hantsi har rana ta karkata. Na leƙa ƙwaryar Inna Tabawa, abin da ke ciki bai fi cikin tafi biyu ba. Ta miƙe a hankali, ta karkaɗe zanenta, ta zo gaban Baba ta durƙusa.

Ta ce, "Ɗan Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

Baba ya ce, "Amin, Inna. Ai kin yi mana gaisuwa tun wancan lokacin."

Ta ce, "Na yi. Amma yau na san ya rasu."

Na waiwaya gindin tsamiya kamar zan ga wani zaune ya ba mu baya. Baba ya rikice, ya ce a ɗauko mata buhu guda daga sito. Nan ne kuskuren ya cika. Ta dubi buhun, ta dube shi.

"Roro na zo, Ɗan Malam. Ban zo bara ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, sauran matan suka bi ta. Buhun ya yi kwanaki a bakin ƙofa, ba wanda ya iya cewa a mayar da shi. Daga baya muka ji cewa a ranin nan ba ta soya ƙuliƙuli ba, babbar jikarta ta shiga aikatau a cikin gari.

Tun ranar gonar ta sauya mini. In iska ta kaɗa da tsakar rana sai in ji kamar ƙarar ƙaramar fartanya a bayan sito, in je in tarar ba kowa. Baba ma ya rage dariya. Sau da yawa nakan gan shi tsaye a ƙarshen gona, yana tura ƙasa da ƙafa.

Bana da aka zo cira, 'yan ƙwadago suka gama ko'ina, sai Baba ya ce a bar masa kunyoyin da ke kusa da tsamiya. Shugabansu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa tana bushewa fa." Baba ya ce ya ji. Sai da wurin ya yi tauri sannan ya tuɓe babbar riga ya shiga shi kaɗai. Ina zuwa da abincinsa na hango wani tsoho a sunkuye yana fizgar gyaɗa, har kwanon ya kusa suɓuce mini. Saura kaɗan in ce Tsoho Mai Rowa.

Na ce, "Baba, in kira su su bi da fartanya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bar shi. Bayana ke ciwo."

Aka bar ƙofa a buɗe. Kwanaki suka wuce ba wadda ta zo, har na fara tunanin tururuwa muka yi wa hidima. Sannan wata safiya sai ga su, Inna Tabawa a gaba tana dogara fartanya, jikar nan tata tana riƙe da ƙwarya. Baba ya koma gindin tsamiya ya ba su baya. Ba shi da igiyar gyarawa, sai ya yi ta goge tabarau. Kafin azahar ƙorai sun cika. Da za su tafi ta tsaya a bayansa.

"Ɗan Malam, hannunka bai kai nasa ba tukuna. Ka bari da yawa. Shi ba ya bari a gane."

Ta wuce, ba ta yi godiya ba. Na ga kafaɗun Baba suna motsi, ban zagaya na duba ko dariya yake ba.

Ɗakunan ciyawar sun rushe, rumbun ya zama wurin ajiye taya, awakin tuni suka bi tukunya. Ana ma maganar baɗi masara za a shuka ko'ina don ta fi kasuwa, masara kuwa ba ta barin komai a ƙarƙashin ƙasa. Ban san abin da Baba zai yanke ba. Abin da na sani, duk faɗin gonar nan mai waya da tarakta, mijina na farko ba shi da sauran komai a cikinta sai 'yan kunyoyin nan da aka cire da gangan ba daidai ba. Allah ya jiƙanka, Tsoho. Na janye sunan da na sa maka.