Yaya Bube da Layin Gandu

Ina kara, kasuwar shanu, muna cinikin wani bijimi aka taɓa ni a kafaɗa, aka ce Yaya Bube ya faɗi a bakin gandun daji, wajen Wamakko, da adda a hannunsa. Kafin a iso da shi Sakkwato rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma har ya koma ga Allah ban gane kansa ba. Gidanmu gidan fataucin shanu ne, shi kaɗai ya zaɓi aikin malamin daji. Kowace kaka hukuma kan aiko da kuɗin lebura, a share layin da ya kewaye gandun, don wuta kada ta shiga, manoma kuma su ga iyaka. Ya taɓa koro shanuna daga ciki, da yamma ya zo gidana da ƙwaryar fura, ya ce, "Ƙanena kake a gida. Cikin gandu ban da ƙane."

Da aka samu mulkin kai, kuɗin suka daina zuwa. Wani ya ce an rage gandun, wani ya ce an ƙara shi, wani ya ce ai na Nasara ne, ya tafi da abinsa. Yaya ya yi ta zarya ofis, ba wanda ya ba shi amsa guda. Sai ya ɗauki adda ya kama sharar shi kaɗai, da furfurarsa. Na yi masa faɗa, na ce wa ya sa shi? Ya ce, "Ba a ce in bari ba. Iccen ga ba su san an canza tuta ba."

Ranar uku, manoman gefen suka zo gaisuwa. Sun yi kuka na gaske. Da za su tashi, dattijonsu ya matso ya ce, "Malam, yanzu ina iyakar take? Muna iya shiga?" Ni ma ina da shanu masu jin yunwa, kuma raina bai ba ni in ce su shiga ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Inna Hajo da yara haƙuri. Allah ya raya abin da ya bari. Ban sani ba ko dajin yana ciki, amma ni na sa shi cikin addu'ata.