Makullin Wuni Ɗaya

Shekarar da ’yan bindiga suka tashe ƙauyukan gefen Tozai, wata dattijuwa ta sauka gidanmu a Isa tare da mijinta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Maigidana ya ba su ɗakin da muke ajiye gero, lokacin babu komai cikinsa. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Kowace safiya sai ta juya tsohon, ta goge masa jiki, sannan ta fita surfe a gidajen mutane.

A bayan gari gwamnati ta gina gidajen bulo, aka ce na waɗanda aka raba da muhallinsu ne. Sun daɗe a kulle. Ana cikin girbi wasu mutum biyu suka zo unguwarmu, suka dudduba matan da suka yi gudun hijira, suka tsaya kan Inna. Suka ce gobe babban baƙo zai miƙa mata makulli, ta zo da tsohon. Na ciro atamfata mai kyau za ni ba ta, ɗayansu ya ce a'a, ta zo da zanen da ke jikinta.

Na yi sujadar godiya. Da safe Inna ta share ɗakinmu tas, ta nemi gafarar kowa, har maƙwabta. Aka ɗora tsohon a amalanken jaki, ta sa duwatsun murhunta uku kusa da ƙafarsa. Maigidana ya aika gona a fara kawo damman gero.

Na raka ta. An kafa rumfa, an yi jawabai, an ɗauke ta hoto tana riƙe da makulli, an ce ta ɗaga shi sama, ta yi dariya. Aka shigar da tsohon, aka ɗauke shi hoto a kwance. Motoci suka tafi.

A ƙauyensu ba a kwana sabon gida sai an hura wuta cikinsa an dafa wani abu an yi sadaka. Inna ta jera duwatsunta jikin bango, ta ɗora kunu. Tana damawa tana gaya mini inda za ta ɗaure akuya in Allah Ya hore. Tsohon, da ba ya yawan magana, ya ce a buɗe masa taga.

Bayan la'asar mutanen nan biyu suka dawo. Babban cikinsu ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli, ba a kammala rabo ba tukuna, za a neme ta.

Inna ta ce, “Ɗana, ai gaban jama'a anka ba ni.”

Ya ce, “An ba ki ki riƙe, Inna. Kin riƙe, mun gode.”

Sai idonsa ya kai ga hayaƙin da ya ɓata fenti. Ya tambaye ta ko nan ma daji ta ɗauka. Ya ce ba inda za ta sai ta wanke. Na roƙe shi ya dubi girman Allah, ya ce in ina tausayinta in kama mata. Muka durƙusa muna goga da tsumma, su kuma suka kama tabarmar tsohon gefe da gefe suka ajiye shi waje. Kunun, maigadin gidajen ya juye a kwanonsa.

Da muka dawo gida, gero ya kai rufin ɗakin. Inna da tsohon suka koma zaure.

Labarin ya fita a rediyo, hoton ya zagaya wayoyin mutane. Gidajen da ke aiko mata tuwo suka daina. A bakin rijiya mata na ce mata Hajiya mai gidan bulo, suna tambaya ko tana ba da haya. Wata ta hana ta surfe, wai masu gida ba sa aikatau. Zaure kuwa hanyar maza ce, ba ta iya tuɓe tsohon ta wanke shi, har bayansa ya fara miki.

Na ce ta ƙara haƙuri a sayar da geron. Ta ce can ƙauye ko ba komai bangonta ne. Ranar kasuwa ta sami mai amalanke da zai bi ta wajensu. Na tuna mata ’yan bindigar nan suna dajin har yanzu. Ta ce ta sani, ta gyara wa tsohon hularsa, suka tafi.