A Gida Buba Ya Faɗi

Ranar da Buba magini ya rikito daga saman katako ba ta taɓa fita raina ba. Azuzuwan makarantar gwamnati muke ginawa a Pitowa, ni kuma aikina ban ruwa ga bulo.

Ku da kuka zo bayanmu, ku san wannan. Ɗan kwangila ba ya riƙe aikin gwamnati sai ya yi wa ma'aikatansa asirans, wato idan mutum ya ji rauni a shantiye, wurin aikin gini, akwai masu ɗaukar maganinsa da diyyarsa. Amma sai likita ya gan shi, sai kuma patiro, mai kwangilar ke nan, ya kai rahoto da wuri. Rahoto kuwa sufeto yake jawowa, sufeto na iya tsayar da aiki.

Mu ba haka muka saba ba. Wanda ya karye, wurin maɗori ake kai shi a ɓoye, don a rufa wa patiro asiri. Hammadu, shef ɗin shantiye, wato shugaban ma'aikata, ya sa aka ɗora Buba a baro, ya ce, "Kowa ya kama bakinsa. A gida ya faɗi, kun ji?" Buba kansa yana cizon leɓe ya ce, "A gida na faɗi." Ƙashi ko ya huda fata. Idan maganar gida ta zauna, ba diyya, ƙafar ma ba tabbas.

Sai ga motar Alhaji mai kwangilar. Ya dubi kowa, kowa ya dubi ƙasa. Ya juyo kaina.

"Dada, a ina ya faɗi?"

"Ga jininsa nan a kan yashinka, Alhaji."

Hammadu ya ce, "Ranka ya daɗe, asirinka muke rufawa."

"Nawa asirin da ƙafarsa za ka rufa? In ta ruɓe, kai za ka ciyar masa da 'ya'ya?"

Da hannunsa ya kama kafaɗun Buba, aka kwantar da shi a kujerar motarsa, sai asibitin Garwa. Kafin su tashi, a gabana ya gargaɗi Buba: "Likita ya tambaye ka, ka ce shantiyena."

Sufeto ya zo, ya tsayar da mu har aka sake katako kaf. Alhaji bai tsargi kowa ba, ko fuska bai canza mini ba. Buba ya tashi da ɗingishi, ba ya hawa sama, amma ƙafarsa na jikinsa, asirans kuma na riƙe da gidansa.

Tun daga nan ba na auna ɗan kwangila da kyan gininsa. Jira nake ranar da wani ya faɗi, in ji inda zai ce ya faɗi.